Yaushe Kyauta Ta Ke Zama Taimako?

'Yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da na daɗe ina juya ta a zuciyata, yau kuwa ina so mu dube ta tare. Tambayar ita ce: in mutum ya miƙa kyauta, aka karɓa, aka gode masa, ya sauke abin da ke kansa ke nan? Ko kuwa akwai sauran aiki bayan miƙawa?

Ga abin da ya jawo mini wannan tunani. Wata shekara da kaka na ziyarci wata ƙaramar sakandare a ƙasar Doguwa, ba nisa ƙwarai da Riruwai. Shugaban makarantar ya karɓe ni da murna, ya kai ni ofishinsa, ya ciro mabuɗi daga aljihu, ya buɗe wani babban kabad na katako. Ciki maƙil da littattafan Turanci, waɗansu ma ba a fitar da su daga kwali ba. Ya ce waɗansu mutanen kirki ne suka aiko da su daga nesa. Na ɗauko ɗaya na buɗe. Takarda fara tas, ba alamar yatsa ko ɗaya a jikinta. Na ƙasa kuwa gara ta riga ta soma cinsu.

Daga nan muka shiga aji biyu. Malam yana rubutu a allo da ɗan guntun alli. Yara uku uku suna leƙen littafi ɗaya, waɗansu kuwa suna rubuta Turanci da lissafi da kimiyya duka cikin littafin rubutu guda. Na ce wa wani saurayi, mai shekara kamar 15, ya karanta mini layin farko na abin da ke allo. Ya miƙe, ya sunkuyar da kai, leɓunansa suna motsi, murya ba ta fito ba. 'Yan'uwansa suka soma dariya ƙasa ƙasa. Har yau ina jin nauyin tambayar nan da na yi masa a gaban jama'a.

Ku duba fa. Waɗanda suka aiko da littattafan nan sun yi da zuciya ɗaya. Shugaban makaranta mai amana ne, bai sayar da ko ɗaya ba. Malamin yana ƙoƙari iyakar ƙarfinsa. Ba mugu ko ɗaya a cikin labarin, duk da haka yaron nan bai sami kome ba. Tsakaninsa da littattafan taki ashirin ne da ɗan kwaɗo. To, ina laifin ya ke?

Abin da ya sa maganar ta yi nauyi

Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna wanke kuza, suna narka ta, suna zuba ta sirara sirara kamar tsinke, fatake suna kaiwa Kano da waɗansu kasuwanni. Daga baya kamfanoni suka zo da injuna. A 1985 kasuwar kuza ta duniya ta faɗi, babban aikin haƙa ya yi sanyi a nan da ƙasar Jos. Iyayen da suka ga wannan da idonsu sun san rami ba abin dogara ba ne har abada. Shi ya sa da yawa su ke so 'ya'yansu su haɗa noma da karatu, ko Allah ya sa a sami malamin makaranta, ko ma'aikaciyar jinya, ko malamin gona a gidan.

Amma duk hanyoyin nan ƙofa ɗaya su ke bi, watau Turanci. Jarrabawar WAEC, da ta NECO, da ta JAMB, da Turanci a ke yin tambayoyinsu, in ban da takardun harsuna. Jami'a ba ta karɓar wanda ba shi da kiredit a Turanci. Yaro yana iya sanin ƙasar da ta dace da masara, da lokacin zuba taki, da alamar ciwon shanu, fiye da wanda ya rubuta tambayar. In bai gane kalmomin tambayar ba, ya faɗi.

A ƙauyukan Doguwa, da Tudun Wada, da Kiru, da Bebeji kuwa, yaro yana tashi da Hausa. Wani da Fulatanci ya fara, wani da harshen Kurama, sa'an nan Hausa ta biyo. A gida, a gona, a kasuwa, ba mai yi masa Turanci. Gwamnati ta yi ta sāke shawara a kan harshen da za a fara koyarwa da shi. Tsarin ilmi na 1977 ya ce a fara da harshen gida, Turanci ya karɓa daga baya. A 2022 aka ce harshen gida ya riƙe shekara shida na firamare. A watan Nuwamba 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwa an janye wannan, a koma Turanci tun daga farko. Ko wace aka bi, abu ɗaya bai sāke ba: yaron ƙauye ba ya gamuwa da Turanci sai a cikin aji, abin da ajin ya mallaka kuwa shi ne iyakar rabonsa. Domin haka alli, da littafin rubutu, da ƙamus ba ƙananan abubuwa ba ne a gare shi.

Labari uku daga ƙasashen waje

Masana sun bi sawun irin wannan kyauta a wurare dabam dabam, don su ga abin da ta ke haifarwa. Bari in kawo muku uku.

Na fari daga Kenya ne. A 1996 wata ƙungiyar taimako ta ƙasar Holan ta soma raba littattafan karatu a makarantun ƙauye na Busia da Teso, a yammacin ƙasar. Masana uku, Glewwe da Kremer da Moulin, suka gwada yaran da suka sami littattafai da waɗanda ba su samu ba tukuna. Abin mamaki, yawancin yaran ba su ƙaru da kome ba. Waɗanda suka ƙaru su ne 'yan kaɗan da dā ma su ke kan gaba a aji. Dalili kuwa, littattafan da Turanci aka rubuta su, Turanci kuwa shi ne harshe na uku ga yawancin yaran, bayan na gida da Suwahili. Littafin yana hannunsu, amma ya fi ƙarfinsu.

Na biyu daga Saliyo ne. A 2008 aka aika da littattafai zuwa makarantun firamare na ƙasar. Da masu bincike na Bankin Duniya suka zo dubawa, sai suka tarar an ajiye da yawa daga cikinsu, ba a ba yara ba. Ba sata ba ce. Shugabannin makarantu ba su da tabbacin za a sāke kawo waɗansu, saboda haka suka ɓoye na hannu don wata rana. Da na karanta wannan sai na tuna da kabad ɗin nan na ƙasar Doguwa.

Na uku daga tsibiran Fiji ne, can cikin tekun Pasifik. A 1980 masana biyu, Elley da Mangubhai, suka kai littattafan labaru masu sauƙi da daɗi, kamar 250, zuwa azuzuwan makarantun ƙauye takwas, inda yara ke koyon Turanci a kan harshensu na gida. Aka keɓe lokaci kowace rana, minti 20 zuwa 30, don karatu kaɗai. Bayan wata takwas aka tarar yaran nan sun ci gaba a karatu da fahimtar magana ninki biyu na yadda aka saba. Gaskiya yaran Fiji ba su kai samarinmu na sakandare shekaru ba, amma hanyar da harshe ke shiga kai ɗaya ce.

Ga littafi a wuri uku. A Kenya ya fi ƙarfin yaro. A Saliyo an kulle shi. A Fiji ya yi daidai da yaro, an sa shi a hannunsa, an ba shi lokaci. Kyautar iri ɗaya ce, amfaninta ya bambanta kamar dare da rana.

Kyakkyawar niyya ta isa?

Wani zai ce, "Ni dai na bayar da zuciya ɗaya. Abin da ya faru daga baya ba nawa ba ne." Akwai gaskiya a cikin wannan magana, kada mu raina ta. Niyya ita ce tushe. Wanda ya ba da abu don a yabe shi, ko kyautar ta yi amfani, zuciyarsa ba ta gyaru ba. Ba kuma wanda ya isa ya ɗauki alhakin dukan abin da zai faru gobe.

Amma mu tambayi kanmu, mece ce niyyar? In niyyata ita ce in rabu da kaya, to, na cika ta ran da mota ta tashi. In kuwa niyyata ita ce yaro ya iya karatu, ba ta cika ba sai ya iya. Uwa ba ta sayo magani ta ajiye a kan taga ta ce ta gama nata. Sai ta ga ya shiga bakin ɗan, ta kuma kwana tana taɓa goshinsa. Uba ba ya sayo wa ɗansa takalmi bai auna ƙafa ba. Me ya sa? Domin abin da ke gabansu shi ne ɗan, ba sayayyar ba. Wanda ya ce yana nufin alheri, amma bai damu ya san ko alherin ya isa ba, sai mu yi shakka ko mai karɓa ne a zuciyarsa, ko kuwa jin daɗin bayarwa.

Saboda haka ina ganin kyauta tana da ƙafa biyu. Ɗaya ita ce zuciya mai so, ɗaya kuwa ita ce ido mai lura. Da ƙafa ɗaya ba ta yin nisa. Lura kuwa tana farawa da tambaya, gama mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Kafin a sayi kome, a je wurin malamin Turanci a ce, "Malam, me ya fi damunka a aji?" Sau da yawa amsarsa za ta ba mu kunya don ƙanƙantarta.

Abubuwan da ke taimako, da yadda su ke yi

Na fari, littafin rubutu da biro. Harshe ba ya zama a kai da ji kaɗai. Sai yaro ya rubuta, ya yi kuskure, malam ya gyara, ya sāke rubutawa. Wanda ke da littafi ɗaya don darussa tara yana tsoron cika shi, sai ya riƙa taƙaita rubutu kamar mai auna hatsi da bazara. Ka ba shi littafi guda na Turanci kaɗai, ka ba shi izinin yin kuskure ke nan.

Na biyu, alli da allo mai kyau. Inda littattafai ba su isa ba, allo shi ne littafin aji duka. Allon da ya koɗe, na bayan aji ba sa ganin kome a kansa. Gwangwanin fenti baƙi da kwalin alli suna yi wa yara da yawa aiki a lokaci ɗaya, kuɗinsu kuwa bai kai na manyan littattafai biyu ba.

Na uku, ƙamus mai harshe biyu. Ƙamus na Turanci zalla yana bayyana kalmar da yaro bai sani ba da waɗansu kalmomi uku da bai sani ba. Mai Hausa kuwa yana ɗora sabon abu a kan abin da ya riga ya sani. Tun 1965 Neil Skinner ya fitar da Kamus na Turanci da Hausa, waɗansu kuma sun biyo bayansa. Ko guda biyar aka ajiye a aji, inda hannu zai kai, yaro ya sami malamin da ba ya gajiya da tambaya, ba ya kuma yi masa dariya.

Na huɗu, littattafan labaru daidai ƙarfinsu. Kalma ba ta zama ta mutum sai ya gamu da ita sau da yawa, a wurare dabam dabam. Labari mai daɗi yana sa yaro ya yi ta gamuwa da kalmomi bai ma san yana koyo ba. Amma in baƙin kalmomi suka yi yawa a shafi, karatu ya tsaya, ya koma wahala. Ga gwaji mai sauƙi. A kira yaro na tsakiyar aji, ba na ɗaya ba, a keɓe, ya karanta shafi guda, yana lanƙwasa yatsa a kan kowace kalmar da bai sani ba. In yatsun hannu suka ƙare shafi bai ƙare ba, littafin nan sai wata shekara.

A nan ne sha'anin samari da 'yammata ya bambanta da na ƙananan yara. Mai shekara 15 wanda Turancinsa na ɗan aji uku na firamare ne, hankalinsa ba na ɗan aji uku ba ne. Yana noma, yana kiwo, wata tana riƙe da girkin gida duka. Ka ba shi littafin jarirai mai hoton ƙanƙara da dabbobin da bai taɓa gani ba, ka ci mutuncinsa, zai ture shi. Ka ba shi na 'yan jami'a, ka karya masa gwiwa. Abin da ya ke bukata shi ne kalmomi masu sauƙi a kan magana ta manya: ƙwallo, gyaran babur, ciniki, lafiya, tarihi, jaruntaka. Ba sai an je ƙetare ba. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia, aka buga a 1960, labarin kuwa na ƙasar Arewa ne. Chinua Achebe ya rubuta Chike and the River don yara, aka buga a 1966. Waɗanda suka ɗan yi ƙarfi za su ji daɗin irin waɗannan, gama sunaye da wuraren ba baƙi ba ne a gare su.

Na biyar, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba, littattafan Hausa. Karatu sana'a ɗaya ce. Wanda ya iya haɗa baƙaƙe da sauri a Hausa, ya san yadda labari ke tafiya a takarda, da wannan gwaninta zai shiga Turanci, saura kalmomi kawai. Wanda kuwa bai iya karanta harshen da ya ke ji ba, yana ɗauke da kaya biyu a lokaci ɗaya. Saboda haka wanda ya sa Magana Jari Ce ta Abubakar Imam cikin kwalin kyauta bai kauce wa Turanci ba ko kaɗan.

Na shida, fitila. Da rana akwai gona, da ɗiban ruwa, da talla. Lokacin da ya rage wa yaro nasa na kansa dare ne. Ƙaramar fitila mai cin hasken rana tana iya ƙara masa sa'a guda kowace rana, sa'a guda kullum kuwa a shekara ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ke kan mai karɓa

Kada mu ɗora kaya duka a kan mai bayarwa. Mai karɓa ma yana da nasa. Littafin da aka ba makaranta amana ce, amma amanar ta yara ce, ba ta kabad ba. Mutanen Riruwai sun sani kuza tana cikin dutse ba ta sayen ko mudu ɗaya na dawa. Littafin da ya tsufa, ya yi datti, bangonsa ya cire saboda hannuwa, shi ne ya yi aikinsa. Wanda ya kwana goma sha a kulle yana sabo, asara ce, ko da ba a ga ranar da aka yi ta ba.

Amma mu yi wa shugaban makaranta adalci. Yana tsoron ranar da za a zo ƙirga kaya a ce goma sun ɓace. Yana kuma tsoron abin da ya tsorata 'yan'uwansa na Saliyo, watau in waɗannan suka ƙare ba waɗansu. Mai bayarwa yana iya cire masa tsoron nan biyu da magana biyu. Ta fari: "In sun tsufa ko kaɗan sun ɓace, ba mu riƙe ka da laifi ba." Ta biyu: "Baɗi war haka za mu komo." Kyauta ƙarama mai zuwa kowace shekara ta fi babba mai zuwa sau ɗaya, gama ita ce ke buɗe kwaɗo. Sai a sami littafin rajista, a naɗa yara biyu, namiji da mace, su riƙa rubuta wanda ya ara da ranar da zai mayar. Wannan kansa darasi ne na riƙon amana.

Masu gardama

Akwai masu cewa, "Da babu gara ba daɗi. Ba a raina kyauta." Haka ne, ba a raina ta, godiya kuwa wajibi ce. Amma karin maganar nan ta'aziyya ce ta mai karɓa, ba hujja ce ta mai bayarwa ba. Bai kamata in tattara tsofaffin littattafan da suka cika mini ɗaki, waɗanda ni ma ban karanta ba, in aika wa yaran ƙauye, sa'an nan in kira sharar ɗakina alheri. Kuma ba daɗin nan wani lokaci yana yin ɓarna. Yaron da aka ba littafin da ya fi ƙarfinsa ba ya cewa littafin ne bai dace ba. Cewa ya ke yi, "Ni ne daƙiƙi." Daga nan sai ya bar makaranta ya nufi ramin kuza, ko a yi wa yarinya maganar aure tun ba ta gama ba.

Akwai kuma masu cewa, "Wannan aikin gwamnati ne. In muka yi, mun sauke mata nauyi." Wannan gardama tana da ƙarfi. An yi alkawarin ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, aka sabunta shi a 1999 har ya haɗa da ƙaramar sakandare. Jihar Kano ta yi shelar ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024. Hakkin yaro ne, ba alfarma ba, daidai ne kuwa iyaye su tuna wa hukuma da shi ta bakin ƙungiyar iyaye da malamai da wakilansu. Kwalin alli ba ya zama malami, ba ya gyara rufin da iska ta ɗauke. Amma ƙasar tana da faɗi, daga birni zuwa Riruwai sai an bi Kwanar Dangora da Tudun Wada, an ratsa dajin Falgore, kaya kuwa ba kullum su ke isa a kan lokaci ba. Yaron da ke aji biyu bana ba zai sāke zama mai shekara 15 ba. In gidan maƙwabci ya kama wuta, muna aika a kira masu kashe gobara, muna kuma ɗiban ruwa kafin su iso. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Yadda za a miƙa

Saura magana ɗaya, ita ce kuwa ta fi kusa da zuciya. Ana iya ba mutum abin da ya ke bukata ta hanyar da za ta sa ya gwammace bai samu ba. Samari da 'yammata suna da kunya ƙwarai, idon tsararsu ya fi musu zafi da bulala. In aka jera su a rana, aka kira sunayen marayu da 'ya'yan matalauta ɗaya ɗaya, aka sa su ɗaga littafi sama don a ɗauki hoto, to, sun biya kuɗin littafin da mutuncinsu. Abin da aka biya kuwa ba kyauta ba ne, ciniki ne. Gara a ba malam a ofis, shi ya raba a aji kamar abin da aka saba, kowa ya samu, ba a san na wane da na wane ba.

Haka kuma, a makarantun ƙasar nan 'ya'yan Musulmi da na Kirista benci ɗaya su ke zama, allo ɗaya su ke kallo, jarrabawa ɗaya ke jiransu. In Ekklesiya ta tara kaya don aji, ta ba aji duka, kada a tambayi yaro gidan da ya fito. Kada kuma a ɓoye ƙugiya a cikin kyauta. A sanar da shugaban makaranta, da mai unguwa, da iyaye, su ga abin da ke cikin kwali da idonsu. In maƙwabta suka ga ba abin da mu ke nema a baya, yarda za ta shiga tsakani, yarda kuwa ita ce ke sa a karɓi ta baɗi.

Kada kuma wani ya ce sai mai kuɗi ko Bature ne ke iya wannan. Manomin da ya sayar da masara da kaka yana iya ware kuɗin dozin ɗaya na littafin rubutu. Zumuntar mata tana iya ɗaukar alli na zango guda. Kafinta yana iya yin ɗan akwati marar kwaɗo. Wanda ya gama sakandare yana zaune a gida yana iya ba da yamma biyu a mako ya zauna da yara biyar suna karatu da murya, inda ba mai dariya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, 'yan'uwa, ga amsar da na samu ga tambayar da muka fara da ita. Miƙawa farkon kyauta ce. Ba ta zama taimako ba sai ta dace da mai karɓa, ta isa hannunsa, ta bar shi da mutuncinsa. Saboda haka in za mu bayar, mu tambaya tukuna. In mun bayar, mu koma bayan wata uku mu duba, mu kuwa yi murna in muka tarar littattafan sun yi datti.

Saurayin nan da na sa ya sunkuyar da kai, ban san inda ya ke yau ba. Amma akwai irinsa a kowane aji daga Bebeji har Riruwai, wataƙila ma ɗaya yana cin tuwo a gidanka. A taron dattawa na watan nan, ko na zumuntar mata, wani ya tashi ya kawo maganar. A zaɓi mutum biyu su je makarantar da ta fi kusa, su gai da malamin Turanci, su tambaye shi abin da ya fi damunsa a aji.